Modar Inna, Sau Uku a Rana

Shekara goma sha tara Sista ta yi tana aikin jinya a ɗakin mata na asibiti, kuma a duk shekarun nan ba a taɓa kawo mata majinyaciyar da ta gagare ta ba. Wadda ta gagare ta tana can gida, ita ce uwar da ta haife ta. Inna tana da hawan jini, gwiwoyinta sun fara yi mata gardama, amma tana zaune ita kaɗai a ɗakin haya a hawa na uku, matakala arba'in da biyu. Sista ta san yawansu don duk ranar hutunta sai ta hau su tana haki, ta je ta tarar da ƙwayoyin maganin da ta jera a ɗan akwati suna nan kusan yadda ta bar su.

"Na sha na jiya," in ji Inna.

"Na shekaranjiya fa?"

"Shekaranjiya lafiyata ƙalau. In sha magani in yi me da shi?"

Irin amsar nan ce ke sa Sista ta ji kanta na sarawa. Shekara biyu ke nan tana roƙon Inna ta dawo gidanta da zama. Ga ɗaki nan a ƙasa babu hawa babu sauka, ga taga, ga banɗaki a kusa, mijinta ma har ya sa an yi wa ɗakin fenti. Inna sai ta ce za ta yi tunani, daga nan ta shiga ba da labarin wata maƙwabciya.

Ana haka aka yi wa ƙanwar Inna aikin ido a wani gari, Inna ta ce za ta je ta zauna da ita wata biyu. Ana gobe za ta tafi ta sa aka kira Sista, ta nuna mata bakin taga.

Moda ce a wurin, a cikin wani tsohon gwangwanin fenti da tsatsa ta ci gindinsa. Shuka ce mai dogayen ganyaye masu kauri, a tsaye cak kamar takubba, da zane-zane a jikinsu irin na bayan maciji. Wannan modar ta girmi Sista. Tun Sista na ƙarama, in kunnen yaro ya yi ciwo, Inna za ta yanko kan ganye ɗaya, ta gasa shi sama-sama a wuta, ta bari ya huce, ta matse ruwan a kunnen. In wani ya ƙone da ruwan zafi, ganyen ne za a fasa a shafa. In ganye ya tsufa ta daddake shi ta zare zarensa ta tuƙa igiya, kuma da irin igiyar nan take shanya har yau. Abu ɗaya ta hana, kada wanda ya sa shi a baki. Tun da Sista ta fara aikin asibiti suke faɗa a kan maganar kunnen, don ita a wurinta ba a zuba komai a kunne sai likita ya leƙa. Inna kuwa sai ta ce, "Kunnen da kike jin likitan da shi, wa ya yi masa magani?"

"Ki tafi da ita gidanki," in ji Inna. "In na dawo na same ta lafiya, ki turo mota a kwashe kayana. In na ga ba haka ba, kada ki ƙara yi min zancen tashi daga ɗakin nan."

Sista ta yi dariya har da riƙe ƙugu. "Haba Inna! Ni da nake riƙe da gado ashirin da huɗu, ciyawa ce za ta gagare ni?"

"Ni dai ban ce komai ba."

"To sau nawa ake ba ta ruwa?"

"In ta ji ƙishi."

Sista ta haɗiye abin da ya zo bakinta. Da ma abin da ke damun Inna ke nan, komai sai an ji, babu lokaci babu tsari. Ta rungumi gwangwanin ta sauko matakala arba'in da biyu, tsatsa na ɓata mata riga, tana ce wa ranta wannan karon za a ga bambancin mai ilimi da mai kintace.

Mijin Sista tela ne, shagonsa a ɗakin gaba na gidan yake. Mutum ne da in ka ce masa gida ya kama da wuta zai ce bari ya ƙarasa wuyan rigar nan. Yana zaune a kan keke ya ga an shigo da moda, ya ce, "A'a, baƙuwa muka yi?"

"Majinyaciya muka yi," in ji Sista. "Dubi inda aka ajiye ta don Allah. Gwangwani duk huji, ƙasa ta bushe ƙamas kamar ba a taɓa zuba mata ruwa ba. Wallahi Inna ba ta da tausayi."

Washegari ta dawo daga aiki da wata tukunyar tangaran fara sol, mai sheƙi, wadda ba ta da huji ko ɗaya, don kada ruwa ya ɓata mata daɓe. Ta cika ta da baƙar ƙasa mai taki, ta mayar da modar ciki. Gwangwanin ta jefa bayan ƙofa, Tela ya ɗauke ya ce zai riƙa zuba ƙyallaye. Sannan ta zauna da rula da biro ta zana takarda irin wadda ake maƙalawa a ƙarshen gadon mara lafiya: kwanan wata a gefe, safe, rana, yamma, kofi ɗaya kowane lokaci, da gurbin sa hannu. Ta manna ta a bango saitin tukunyar.

"Safe da yamma nawa ne. Na rana naka ne, tunda kana gida. In ka zuba ka sa hannu."

Tela ya cire tabarau ya karanta takardar tun daga sama har ƙasa. "Sista, ni fa shekara nawa ina zuwa gaida Inna, ban taɓa ganin ta zuba wa abin nan ruwa ba."

"Shi ya sa ta ƙi girma. Kai dai ka sa hannu."

Ya sa hannu. Ya kuma ci gaba da sawa kullum ƙarfe ɗaya, don ya san abin da ke biyo baya in Sista ta dawo ta ga gurbi babu komai. Sau ɗaya ya manta, ranar da aka kawo masa ɗinkin gaggawa, ta tsaya a kansa da jaka a kafaɗa ta yi masa huɗubar da take yi wa sababbin ma'aikata, ta kuma zuba kofi biyu da yamma don a rama.

A mako na uku ganye ɗaya ya fara rawaya daga ƙasa, ya ɗan kwanta. Sista ta matsa shi ta ji laushi. A ɗakinsu na asibiti, in majinyaciya ta yi laushi ta langaɓe, abu na farko da ake dubawa shi ne ko ruwan jikinta ya yi ƙasa. Ta ɗauki jan biro ta gyara takardar, kofi ɗaya ya koma ɗaya da rabi.

"Ko dai a ɗan bar ta ta huta?" in ji Tela.

"Maigida, na taɓa shigowa shagonka na ce ga yadda za ka yanka hannun riga?"

"Sau da yawa ma."

"To ban ji ba."

Inna ta kan bugo waya ranar Asabar. Ba ta tambayar Sista lafiyarta sai ta fara tambayar modar. Sista ta ce tana nan lafiya, ana kula da ita yadda ba a taɓa yi ba. Inna ta ce, "To, Allah ya sa."

A mako na shida ɗakin ya fara wari, irin warin albasar da ta ruɓe a ƙasan kwando. Sista ta zargi kwata, ta zargi ɓera, ta sa Tela ya janye kujeru. Suna cikin haka wani dogon ganye ya sulale ya faɗi ƙasa da kansa, gindinsa ya narke ya yi baƙi. Ta taɓa na kusa da shi, shi ma ya biyo hannunta. Tela ya tsince su ya fita da su.

Saura kwana tara Inna ta dawo. Sista ta naɗe tukunyar a zani ta kai wa wani mai sayar da furanni da ke bakin titi kusa da asibiti, dattijo mai ƙasa a farce wanda ta sha wuce shi ba ta ko dubi inda yake ba. Ya karkata tukunyar, wani ruwa mai wari ya tsiyayo. Ya sa hannu ya zaro abin da ya rage na saiwar, ya murza, ta narke a yatsunsa.

"Ranki ya daɗe, a rijiya kika ajiye ta?"

"Kofi ɗaya da rabi ne kawai."

"A wata?"

"Sau uku a rana."

Dattijon ya ajiye tukunyar a hankali, ya goge hannu a riga, ya dube ta kamar mai son tabbatarwa ba wasa take yi ba. "Shekara talatin ina wannan sana'a. Moda ita ce abin da nake sayar wa malalata da matafiya. A manta da ita wata guda a bayan ƙofa, a dawo a same ta ta yi 'ya'ya. Ban taɓa ganin wanda ya iya kashe ta ba sai yau. Ruwanta a cikin ganyenta yake, ranki ya daɗe. Ba ta son a dame ta."

"Ban zo jin wa'azi ba. Za ta tashi ko ba za ta tashi ba?"

"Wannan kam sai dai a yi haƙuri."

Sista ta tsaya a bakin titi, motoci na wucewa. Ba mutuwar ciyawar ce ta fi ƙona mata rai ba. Matakala arba'in da biyun nan take gani, da Inna tana hawa da ledar cefane tana tsayawa a kowane hawa. Ta juya ta nuna wata moda a cikin jerin dattijon, mai tsayi da kauri kusan irin na Inna, ta ce a ɗauko mata.

A gida ta zazzage ƙyallayen Tela daga gwangwanin fenti, ta dasa sabuwar a ciki. Ta ja baya ta duba. Ta yi kyau, kyan ma ya yi yawa. Ganyayen Inna rabinsu guntaye ne, an yanke kawunansu don kunnen wannan da ƙunar wancan, wannan kuwa kowane ganye da tsininsa.

"Ba ni almakashinka."

"Na yadi ne, ba a yanka ɗanyen abu da shi," in ji Tela. "Kuma Sista, Inna ce fa. Matar da ke gane an taɓa mata tsintsiya."

Ta ɗauki almakashin da kanta. Ta yanke kawunan ganye biyar, ɗaya a karkace yadda ta tuna. Ta shafa musu toka don su yi kamar sun daɗe. Tela na kallo ta saman tabarau, ya ce in an tambaye shi zai ce yana ɗinki.

Inna ta iso ranar Laraba da hantsi, da jaka ɗaya da lema. Ta gaisa da surukinta, ta tambayi aiki, ta ƙi zama. Ta nufi taga kai tsaye. Ba ta ko sunkuya ba.

"Sannu baƙuwa," ta ce wa modar. Sannan ta juyo. "Ina tawa?"

"Inna, ita ce mana. Kulawa ce ta sa ta canza."

"Wuƙata tana da giɓi, duk inda na yanka sai ya bar zare. Wannan yankan tela ne." Ta dubi Tela.

"Almakashina ne, Inna, amma ba hannuna ba," in ji shi da sauri.

Idon Inna ya kai kan takardar da ke bango, wadda Sista ta manta ba ta cire ba. Inna ba ta ganin ƙananan rubutu, ta ce wa Tela ya karanta mata. Ya karanta, safe, rana, yamma, kofi ɗaya, kofi ɗaya da rabi, kwana arba'in da uku babu fashi sai ɗaya. Inna ta saurara har ƙarshe tana gyaɗa kai.

"Nuna min ɗakin da kika ce kin gyara min."

Sista ta yi gaba, ranta a jagule. Ɗakin tsaf, gado da sabon zanin gado, labule, kujera. A saman gadon kuma ga wata takarda an manna, da rula aka zana ta. Sai a lokacin Sista ta gan ta da idon baƙo, ta ji kamar ta fizge ta, amma Inna ta riga ta nuna ta da lema.

"Wannan fa?"

Tela ya gyara murya. "Ƙarfe shida, awon jini. Shida da rabi, magani. Bakwai, karin kumallo, ban da gishiri. Tara, ruwa kofi ɗaya. Goma, zagaya tsakar gida sau biyar. Sha ɗaya, ruwa kofi ɗaya. Sha biyu..."

"Ya isa. Akwai wurin sa hannu?"

"Akwai, Inna."

"Na rana naka ne?"

Tela ya dubi silin. Inna ta zauna a bakin gadon ta ɗora lemar a cinya. "Ita ta yi kwana arba'in da uku. Ni kina ganin zan kai nawa?"

Nan Sista ta fashe. Ta ce ita ba ta san wata hanya ba, haka aka koya mata, haka take riƙe mutane da rai shekara goma sha tara. Ta ce duk ranar da wayarta ta yi ƙara tana bakin aiki sai gabanta ya faɗi, ta ɗauka maƙwabta ne za su ce sun ɓalle ƙofa sun tarar da Inna a ƙasa. Ta ce ta gaji da tsoron nan, ta gaji da matakalar nan, ta gaji da a ce mata in an ji ƙishi. Ta kashe modar, ta yi ƙarya a kai, ta sani. Sai ta zauna a kujera ta rufe fuska da gyale, don ba ta son Tela ya ga tana kuka a kan ciyawa.

Inna ba ta rarrashe ta ba. Ta tambaya ko ina aka zubar da gawar.

"Akwai ganye ɗaya," in ji Tela. Ya tafi shago ya dawo da shi. Cikin waɗanda suka faɗi ne, ya datse ruɓaɓɓen gindin ya ajiye sauran a saman kabad don yana son ya gwada zaren da Inna ke tuƙa igiya da shi, sai ɗinki ya sha kansa ya manta. Mako biyu ke nan babu wanda ya taɓa shi. Ya ɗan yamutse, bakin yankan ya bushe ya yi tauri, a ɗaya ƙarshen kuma ga tsohon tabon wuƙa mai giɓi.

Inna ta juya shi a hannu. "Wannan na yanka wa matar mai gyaran takalmi, da mai ya fallatsar mata a hannu." Ta dubi surukinta. "Kai kaɗai ka kula da ita a gidan nan, kai da ka manta da ita."

Ta sa aka cire baƙuwar modar aka mayar da ita wani bokiti. Ta sa Tela ya ɗebo yashi daga inda ake gini a layinsu, ta gauraya da ƙasa kaɗan a gwangwaninta mai huji, ta soke ganyen a ciki, ta danna gefe da babban yatsa. Ba ta zuba ko ɗigo ba.

"Kafin ya yi saiwa sai wata biyu, wani lokaci uku. Ba zan hau da shi sama ba, jijjiga ba ta yi masa. Kuma ba zan bar shi a hannunki ba, don ban yarda da ke ba. Zan zauna in yi gadinsa." Ta nuna bango. "Cire wannan."

Sista ta cire takardar. Fentin ya ɗan ɓantare.

"In ya yi saiwar fa?"

"Sai mu gani. Kawo hannunki." Inna ta kama yatsan Sista ta tura shi cikin yashin har gaɓa ta biyu. "Kin ce ba na kula da ita. Shekara arba'in, babu safiyar da ban yi haka ba. Ki taɓa, ki ji, ki wuce abinki."

Washegari ƙarfe shida Sista ta tsaya a ƙofar ɗakin cikin farar rigar aiki, na'urar awon jini a hammata, kofin ruwa a hannu. Ba da niyya ta ɗauko su ba, hannunta ne ya saba. Inna na zaune a bakin gado tana ninke mayafi, ta dubi kofin, ta dubi na'urar, ta ci gaba da ninkewa. Sista ta ji maganar na taso mata, ƙarfe shida ne, jiya ma ba a auna ba, tafiyar mota tana tayar da jini. Ta cije leɓe. Ta ajiye kayan a kan kujera, ta je taga ta sa yatsa a gwangwani.

"A bushe yake," ta ce.

"Bar shi tukuna."

"Inna, kin tashi lafiya?"

"Lafiya lau."

Sista ta juyo daga taga. Ta saɓa jaka, takaici na cin ta, ta nufi ƙofa tana ƙirga abubuwan da ba ta faɗa ba. Har ta ɗaga labule ta ji ƙarar murfin ɗan akwatin magani a bayanta.

"Ke," in ji Inna. "Miƙo min kofin nan kafin ki tafi. Ƙishi nake ji."